Shawarwarin da na samu kan yaro mai rikiɗa

Toh jama'a ga abin da na tsinta a hirarmu kan yaron labarina da ya gaji rikiɗa zuwa kura wajen babansa. Yawanci sun ce kar rikiɗar ta zo da sauƙi, a nuna azabar, ƙasusuwa na ƙara, da asuba ya farka a bayan gari riga a yage bakinsa na ƙarni. Kan uban aka fi daɗewa, wai kar in mai da shi mugu kawai, shirunsa kunya ce don shi ya goga masa abin, yaron kuwa gani yake tsanarsa aka yi. Wata ta ce su shirya a ƙarshe, ni dai ban yarda ba, uban ya ajiye masa sabuwar riga a zaure ya isa.