Muhawara: wai cajin motar lantarki a gida ya fi shan fetur sauƙi a Kano?

Auwalu: Salamu alaikum 'yan zaure. Wani abokin aikina ya kafe cewa yanzu a Kano wanda ya sayi motar lantarki yana caji a gida ya fi mai shan fetur samun sauƙi. Ni kuwa na ce wannan zancen Turai ne. Garin da har yau in an kawo wuta yara ke ihun "NEPA!", a nan za a caja mota? Masana ku raba mana gardama.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Babu wata gardama a nan, Auwalu. Firij ɗin gidana ma ƙanƙara ta gagare shi, balle mota.

Injiniya Nura: Ranka ya daɗe, a bar lissafi ya yi magana. Motar lantarki matsakaiciya tana cin yunit 15 zuwa 18 a tafiyar kilomita 100. Yunit ɗin nan dai da muke saye a mita mai kati, ba wani daban ba. In an haɗa da abin da ke salwanta wajen caji, a ce 19. 'Yan Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, bayan ƙarin da hukumar kula da lantarki NERC ta yi a Afrilun 2024 zuwa naira 225 duk yunit, an rage, daga baya ya tsaya a 209.5, da haraji ya koma wajen 225 ɗin. Ka ga kilomita 100 ta tashi kusan naira 4,300. Corolla kuwa a cikin gari ba ta yin wannan tafiyar da ƙasa da lita 8. A ce lita naira 900, naira 7,200 ke nan. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu tsayuwa a layin gidan mai.

Alhaji Garba: Injiniya, lissafinka na kan takarda ne. Band A an ce awa 20 a rana. Mutum nawa ne a zauren nan suke ganin awa 20?

Injiniya Nura: Ai a nan mutane ke kuskure, Alhaji. Suna ɗauka kullum sai an cika batir daga sifili. Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya haɗa a Legas batirinta yunit 64 ne. In ka ce da soket ɗin ɗaki za ka cika ta, za ka kwashe wajen awa 30, gaskiya ne. Amma wa ke ƙarar da tankinsa kullum? Mai zuwa aiki daga Hotoro zuwa cikin gari, ya ɗauko yara daga makaranta, ya biya kasuwa, da wuya ya wuce kilomita 40. Yunit 8 ke nan. Cajar da ke zuwa da motar tana jan kilowat 2.3, wato awa uku da rabi ta maida abin da aka ci. Ko ɗan Band C da aka yi wa alkawarin awa 12, in ya samu rabinta da dare ya wadatu, kuma kuɗin yunit ɗinsa bai kai rabin na Band A ba. Tambayar ba ita ce ko ana samun wuta dare da rana ba, tambayar ita ce kilomita nawa kake yi a rana.

Hajiya Binta: To ranar da ba a kawo ba fa? Sai a kunna janareto?

Injiniya Nura: A'a Hajiya, nan kam an yi asara. Ƙaramin janareton fetur da kyar yake ba da yunit 2 a lita ɗaya. Yunit 19 zai sha maki lita 9 ko 10, ya ma fi Corollar. Ga ƙara, ga hayaƙi. Wanda zai dogara da janareto gara ya riƙe tsohuwar motarsa.

Auwalu: Yawwa, ashe mun fara haɗuwa 😂

Malam Isyaku mai wayarin: Injiniya ya yi lissafin kuɗi, ni bari in yi na bango, don mu ake kira in abu ya ƙone. Soket ɗinmu na gida amfiya 13 aka rubuta masa. Dutsen guga ko butar lantarki suna jan wuta mai yawa, amma na ɗan lokaci ne su huta. Mota kuwa amfiya 10 take ja babu tsayawa, awa huɗu, awa shida, mai gida na barci. In soket ɗin na kasuwa ne mai arha, ko kusar da ta riƙe waya ta saki, a nan zafi ke taruwa har roba ta narke. Kuma Allah ya sani gidaje da yawa an yi musu wayarin da siririyar waya, wata ma ba jan ƙarfe zalla ba ce, fenti ne kawai a kai. Na biyu, wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zube cikin ƙasa don kada ta ja mutum. Sau nawa nake buɗe soket in tarar ramin na uku babu komai a bayansa, ko akwai waya amma babu sandar da aka binne a ƙasa. Cajar kirki in ba ta ji wayar ƙasa ba ƙin aiki take yi, ta kunna jar fitila. Sai mutum ya ce motar ce ba ta da kyau, alhali ransa ta tsare masa. Wanda zai yi abin nan da gaske a ja masa layi na musamman tun daga akwatin bireka har gareji, da nasa bireka mai yanke wuta in ta zube. In babbar caja ce ta bango mai kilowat 7, amfiya 32 take ja, ba a sa mata waya ƙasa da 6mm. Ekstenshan kuwa, don girman Allah kada a soma.

Hajiya Binta: Malam Isyaku ka tsorata ni.

Malam Isyaku mai wayarin: Ba tsoro ba ne Hajiya, aikin yini ɗaya ne in an kira wanda ya sani. Wanda ya fi damuna ma ba na cikin gida ba ne. Caja mai kilowat 7 daidai take da esi biyar ko shida a kunne lokaci guda. Taransifomar unguwa da a watan Afrilu take kuka saboda zafi, in gida goma suka jona irin wannan da dare, kun san wanda za a bi gida-gida ana karɓar kuɗin gyara a wurinsa. Mu ne dai, har da wanda ko keke ba shi da shi.

Alhaji Garba: Allah ya yi maka albarka. Ka faɗi abin da ke raina.

Injiniya Nura: Shi ya sa ban ce kowa ya sa ta kilowat 7 ba. Ƙaramar ta ishi yawancin mutane, kuma nauyinta bai wuce na esi biyu ba. Masu esi huɗu a unguwa ba wanda ya taɓa kai ƙararsu wurin mai unguwa.

Sadiya: Yaya Nura, duk maganar masu gidan kansu kuke yi. Ni ina haya a bene, mita ɗaya muke rabawa mu uku, motata a waje take kwana. In zuro waya ta taga? Ranar da maƙwabta suka ga kati na ƙarewa a kwana biyu ai sai an kai mu gaban mai gida.

Injiniya Nura: Ke kam ƙanwata ba yanzu ba, sai kin samu mitarki da wurin ajiye mota a ciki.

Auwalu: Kuma kun manta Oktoban 2024? Aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Mando, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta fi mako guda a duhu. Mai motar lantarki a lokacin sai dai ya hau adaidaita.

Hajiya Binta: Mu dai sola ce ta cece mu lokacin. Ba za ta caja mota ba?

Injiniya Nura: Za ta yi, kuma nan ne Arewa ta fi kowa. Faranti mai wat 550 a ranar Kano yana ba da wajen yunit 2 da rabi a yini, in ana goge masa ƙurar hunturu. Faranti huɗu sun biya kilomita 40 ɗin nan. Ba banza ba hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ta kafa tashar caji mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. Matsalar ɗaya ce: lokacin da rana ke bugawa motar tana ofis. In ka ce ka tara a batirin gida ka juye mata da dare, sai ka ƙara batir, kuma nan kuɗin yake. Ya fi dacewa da wanda motarsa ke wuni a gida, ko mai shago da zai sa farantin a can. Wani abin kuma, irin su BYD Atto 3 ana iya jan wuta daga jikinsu a kunna firij da fanka. A wancan duhun, mai ita a cike da ya ga amfaninta.

Alhaji Garba: Ya kunna firij, batir ya ƙare, ya rasa ta zuwa asibiti. Ni abin da na ji a duk bayanin nan: sai kana da gidanka, da mitarka, da sabon wayarin, da sola, kuma ba ka zuwa Abuja, don kilomita 400 da ɗoriya ba za ka ja soket ɗin gidanka ya bi ka ba. Wanda ya mallaki wannan duka, naira 3,000 da zai rage a kilomita 100 ba ita ce damuwarsa ba. Ba a ma zo kan kuɗin motar ba, da wanda zai gyara ta in ta tsaya.

Injiniya Nura: Kuɗin saye wata muhawarar ce, Alhaji. Auwalu kan caji ya yi tambaya, kuma a kan caji abokinsa ya fi shi gaskiya, in dai ba da janareto ba ne.

Auwalu: Ban yarda ba tukuna. Amma Malam Isyaku, zancen wayar ƙasan nan ya tsaya mini a rai, don firij ɗinmu yana ɗan jan mutum in an taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Yaushe kake da sarari?

Malam Isyaku mai wayarin: Subhanallahi. Cire shi daga soket yanzu, kada yara su taɓa. Gobe bayan azahar ina nan tafe.