Wai gwarzo a ƙungiyar da ba ta ɗau kofi ba?

Ɗan Gunners na Rigasa: Salamu alaikum. Tun daren da PSG ta cire mu daga gasar Zakarun Turai nake haɗiyar magana, ko gidan kallo na shiga sai a ce "ga na biyu ya iso". To kakar 2024/25 ta ƙare, ga nawa hukuncin, mai jin haushi ya ji. Gwarzon Arsenal shi ne Declan Rice. Bugun tazara biyu a ragar Real Madrid cikin dare ɗaya, golansu Courtois yana tsaye yana kallo, alhali mutumin bai taɓa cin irinsa ba tun da ya fara buga wa manya. Sai gola Raya, wasa 13 a Firimiya ba a ci shi ba. Sai Merino, ɗan tsakiya da aka tura gaba don dole, ya riƙe amana. Da Saka bai ji rauni a Disamba ba, da wani zancen ake yi.

Mai Shayin Kawo: Gwarzo? Ni Gwarzon da na sani ƙaramar hukuma ce a Kano.

Injiniya Barnawa: Ɗan'uwa ka daina ɓata Hausa. Gwarzo shi ne wanda ya je ya dawo da abu a hannu. Salah ƙwallo 29, ya ba da 18 an ci, ga Liverpool da kofin lig na 20 a Anfield. Ku duk ƙungiyar ba wanda ya kai ƙwallo 10 a lig, Havertz ne da 9.

Ɗan Gunners na Rigasa: Na ce gwarzon Arsenal, ban ce na Ingila ba. Ko a ajin da kowa ya faɗi akwai na ɗaya.

Mai Shayin Kawo: Alhamdu lillahi, da bakinka ka ce kowa ya faɗi.

Autan Tudun Wada: Yaya Injiniya, a ganina gwarzo jarumta ce, ba ganima ba. Mutum yana iya zama gwarzo ya mutu a fagen fama.

Injiniya Barnawa: Sau uku a jere yana mutuwa a wuri ɗaya? 2023 na biyu, 2024 na biyu, 2025 na biyu. Wannan ai ba fagen fama ba ne, gidan haya ne.

Baba Ranchers: Yara, kuna ta gwarzo gwarzo, ba ku ga gwarzo ba. Mu muka zauna a filin Ahmadu Bello muna kallon Amokachi yana ɗan yaro a Ranchers Bees. Ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na wani kofin ƙungiyoyin Afirka a 1988. Shi kuma ya je Everton ya ɗau kofin FA a 1995. Ɗan garin nan Kaduna ne fa.

Autan Tudun Wada: Allah ya ƙara girma Baba, amma Ranchers ɗin ma ai na biyu ta zo a 1988 ɗin, 'yan Tunisiya suka ɗauka. Kenan ka goyi bayanmu.

Baba Ranchers: Lokacin ko auren babarka ba a yi ba.

Ɗan Gunners na Rigasa: Mai Shayi, kai ɗan Chelsea da kake murna da kofin Conference har kana da bakin magana? Kofin da ake bai wa yara su daina kuka.

Mai Shayin Kawo: Kofi dai kofi ne, 4-1 muka yi wa Betis. Kuma tun da ka taɓo ni, shayi da ƙwai uku na daren Madrid har yau ba ka biya ba. Ka hau benci kana ihu, ka kifar min da kofi biyu, ka ce "rubuta, gobe". Yau wata nawa?

Ɗan Gunners na Rigasa: Ƙwai biyu ne. Kuma a nan za ka tona ni?

Mai Shayin Kawo: Uku. Na ukun bayan ƙwallon Merino ka ce a ƙara.

Injiniya Barnawa: To ga kofi biyu ashe Arsenal ta taɓa a bana.

Autan Tudun Wada: Wai ba wanda zai yi maganar matasan Arsenal Lewis-Skelly da Nwaneri ne? Yaran nan sun fi ƙarfin shekarunsu.

Mai Shayin Kawo: Auta bari, ana maganar kuɗi.

Ɗan Gunners na Rigasa: Shugaba yana karantawa ya yi tsit. Ina 'yan Man U ne? Na 15 da maki 42, sannan Tottenham da ta ƙare ta 17 ta mare ku a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao.

Shugaban Zaure: Na bi komai tun daga farko, bari in rufe. Jama'a sun haɗu a kan cewa ba a kiran mutum gwarzo sai da kofi, don haka Arsenal ba ta da gwarzo tun FA na 2020, lig kuwa tun 2004. Rice fam miliyan 105 aka saye shi, bugun tazara biyu aikinsa ya yi. Maganar Baba ta fi ta kowa, don shi ya ga jiya. Batun na 15 ba ya cikin abin da aka tattauna, kuma dai kowa ya ga wace ƙungiya ce ta kai wasan ƙarshe a Turai, wace ce ta tsaya a hanya. Ɗan Gunners, ƙwai uku ne, ina wurin. Ka kai masa kafin magariba.