Tsohon ƙauyen 'yan kwal a Borsod: ta ina za mu fara da 'yan Roma?

Ɗalibi a Miskolc ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina karatun aikin jin daɗin jama'a a Miskolc, arewa maso gabashin Hangari, kuma a zangon nan ina aikin sa-kai a wani ƙauye da ke kwarin kogin Sajó, lardin Borsod. Ba zan kama sunansa ba. Da garin mahaƙa kwal ne. Raminsu ya rufe bayan faɗuwar gurguzu, sannan Lyukóbánya, babban rami na ƙarshe a yankin, shi ma aka rufe shi a 2004.

Ga yadda garin yake. A bakin titi tsofaffin mahaƙa ne da matan da mazansu suka rasu, suna lallaɓa fansho. Inda kwalta ta ƙare kuma akwai layukan gidajen da kamfanin kwal ya gina wa leburori, ɗaki da madafa, yanzu kusan duk 'yan Roma ne a ciki, wato ƙabilar tsirarun nan ta Turai da wasu ke kira Gypsy. Yawancinsu ba ruwa a gida. Famfo ne shuɗi a kan kwana, mata na jera jarkoki a tsohon keken jarirai suna turawa cikin taɓo. In sanyi ya yi tsanani itace ya ƙare, abin da aka samu shi ake cusawa a murhu, har tsumma da roba, hayaƙin ya kwanta a kwarin ya ƙi tashi.

Ƙungiyarmu na da ɗan gida a tsakiyar gari, da injin wanki da wurin wanka da dogon tebur. Matan Roma na zuwa wanki. Ranar da suka zo, matan bakin titi ba sa leƙowa. Yanzu an samu ɗan tallafi, shugabarmu tana so a yi bikin al'adun Roma, kiɗa da rawa da abinci. Ni dai raina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa irin wannan aiki a Hangari ko maƙwabta, don Allah ta ina ake farawa?

Injiniya a Košice, ƙasar Slobakiya, ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ranka da bai kwanta ba yana da gaskiya. Kowa a garin ya san 'yan Roma sun iya kiɗa, ba wannan ake musu a kai ba. Za a yi rawa, a ɗauki hoto, washegari keken jarkoki ya koma famfo.

Ka fara tambayar kanka me ya haɗa mutanen nan tun asali. Ramin ne. Binciken masanin zamantakewa István Kemény na 1971 ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na mazan Roma masu shekarun aiki a Hangari suna da aiki. Da aka sake binciken a 1993 an dawo kusan kashi 29. Wato kakannin yaran da kake gani sun sauka rami tare da mazan waɗancan tsofaffin, mota ɗaya, fitila iri ɗaya. Su aka fara sallama don su ne ke aikin ƙarfi ba takardar sana'a, kuma gidan da ke garin da aiki ya mutu ba mai saye, balle ka sayar ka ƙaura. Wanda yake da hali ya tafi, wanda ba shi da shi ya tare a gidan da aka bari.

Nan Slobakiya muna da Rudňany, inda aka haƙi tama da zaiba. Da haƙa ta tsaya, iyalan Roma suka zauna a filin kamfanin, kan ƙasa mai guba wadda kuma ke zaftarewa saboda ramukan ƙarƙashinta. Amma ba nisa daga can akwai Spišský Hrhov. Ba garin ma'adinai ba ne, na yarda, sai dai abin da tsohon magajin garinsu Vladimír Ledecký ya yi ya isa a duba: ƙauyen ya kafa kamfani nasa na kansa, yana yin duwatsun shimfiɗa hanya da aikin gini da katako, ya ɗauki 'yan Roma aiki da albashi na gaskiya. Da albashin mutum zai iya mallakar fili da takarda, ya gina gida a cikin gari. Har wurin ninkaya suka gina. Duk wanda ya je can kan dawo da labarin zaman lafiya, ni abin da na gani shi ne mutane suna aiki tare tun safe.

Tallafinku ba zai kafa kamfani ba. Amma zai iya sayen zarto mai inji da na'urar matse dusar katako da takarda a yi curin hura wuta. Sanyi bai san layin Roma da bakin titi ba. Tsohuwa mai fansho ma tana lissafin itace.

Malamar makaranta a Pécs, kudancin Hangari, ta amsa:

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake makaranta, kuma can ne gizo ke saƙar. Ɗana, je ka tsaya a tashar mota da ƙarfe bakwai na safe ka ga yaran da ake kaiwa makarantar garin gaba. Iyaye a Hangari na da 'yancin zaɓar makaranta, don haka duk mai hali ya kwashe nasa, sau da yawa zuwa ta coci, ta ƙauye ta zama ta 'yan Roma zalla ba tare da kowa ya rubuta haka a takarda ba. Shari'a an yi ta. A 2007 kotun Turai da ke Strasbourg ta ba yara 18 'yan Roma na Ostrava gaskiya, wani garin kwal ɗin ke nan a ƙasar Cek, saboda tura su makarantun masu naƙasar ƙwaƙwalwa. A 2020 kotun ƙolin Hangari ta tabbatar da diyyar kusan forint (kuɗin Hangari) miliyan 100 ga yara 60 'yan Roma na garin Gyöngyöspata da aka ware a makaranta. Duk da haka motar safe ba ta fasa tafiya ba. Ga kuma shekarun karatun dole da aka rage daga 18 zuwa 16 a 2012, yaro na cika 16 sai ya bi babansa aikin sharar titi na gwamnati.

A kusa da kai ma akwai Sajókaza, shi ma tsohon garin kwal, inda aka buɗe makarantar Dr. Ámbédkar a 2007 don samarin Roma su kai ga jarrabawar kammala sakandare. Daga baya ta koma Miskolc. Ka neme su, suna bakin ƙofarka.

Mu nan Pécs akwai György-telep, tsohuwar unguwar mahaƙa, inda ƙungiyar agajin Hangari da ake kira ta Malta ta shiga da shirin da sharaɗinsa guda ne: ma'aikaci ya kasance a wurin kullum, shekara da shekaru. Bashin wutar lantarki, takardar haya, wa ya rasa katin asibiti, irin waɗannan. Ba abin hoto. Abin da ke kashe yawancin shirye-shiryen Tarayyar Turai shi ne kuɗin na shekara biyu ne ko uku, a kulle ƙofa, mutane su ƙara koyon cewa baƙo mai jaka ba ya daɗewa. Tambayata gare ka: makullin gidan nan naku yana hannun wa? In babu mace ko ɗaya daga layukan can da ke riƙe da shi ana biyanta, to gidanku ne, ba nasu ba.

Ɗalibi a Miskolc ya sake rubutawa:

Na gode Yaya, na gode Mama. Makulli biyu ne, ɗaya wurin shugaba, ɗaya a ofishin magajin gari. Zan ɗaga maganar ranar taro, akwai wata mai 'ya'ya huɗu da dama ita ke tsara layin wanki ba ko sisi.

Batun curin wuta ya shige ni, sai dai dole in bi ta magajin gari, don shi ke raba guraben aikin gwamnati na marasa aiki, kuma ba wanda ke son ɓata masa rai a layukan can. Bikin kuwa ba na jin zan iya hana shi. Abin da zan roƙa shi ne a ɗaga shi zuwa Ranar Mahaƙa, Lahadin farko ta Satumba, lokacin da tsofaffin ke sa baƙin kayansu su ajiye fure. Akwai wani dattijo ɗan Roma da ya nuna mini littafin aikinsa, tambarin kamfanin kwal shafi bayan shafi, kuma bai taɓa tsayawa a sahun ba don ba a taɓa kiransa ba. Yaya, na'urar matsewar nan, ta hannu za ta wadatar ko sai mai lantarki? Wutar gidan namu ba ta da ƙarfi.