Shawarwarin da aka tsayar kan firiyam ɗin bawul mai batir

Firiyam na'ura ce da ke ƙara ƙarfin sauti kafin ya kai babbar amfilifaya, bawul kuwa kwalbar gilashi ce ta lantarki da ke yin wannan aiki a cikinta. A tattaunawa kan yadda za a gano matsalar irin wannan na'ura, kusan kowa ya ce a fara da batir. Hitar bawul 12AU7 (wayar da ke ɗumama shi daga ciki) kaɗai tana jan miliamfa 150 a bolt 12.6, ƙaramin batir mai bolt 9 kuwa ba zai jure ba. A auna batir ɗin na'urar tana kunne.

Sai bayas, wato bolt ɗin da ke tsakanin girid da katod, sassa biyu na cikin bawul, wanda ke saita yawan wutar da yake ja. Ɗora mita kan rizistar katod, raba bolt ɗin da yawan om ɗinta, ka san wutar da bawul ke ja. In girid ya nuna fositif, ƙila kapasitar da ke gabansa tana yoyo. Ni dai na fi gamsuwa da mai cewa a duba dalmar rizistar girid zuwa negatif: in ta saki, sauti ya dinga shaƙewa.