Me za mu kira "social mobility" da Hausa?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu Hausa, musamman malamanmu na jami'a a Samaru da Kongo, da dattawanmu na cikin Birnin Zariya.

Ƙanwata tana shekarar ƙarshe a fannin nazarin zamantakewa, an tura ta bincike ƙauyukan Giwa. Takardar tambayoyinta da Turanci take, waɗanda za ta tambaya kuwa Hausa suke ji. Daren Talata ta kawo takardar, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muna juya ta layi bayan layi, har muka zo kan kalmar "social mobility" muka cije. Abin da masana ke nufi da ita shi ne yadda mutum, ko zuriyar wani gida, ke barin matsayin da aka haife shi a ciki ya koma wani, ko sama ko ƙasa. Ɗan mai facin taya ya zama likita. Jikan attajiri ya koma dako a kasuwar Sabon Gari. Kuma ba labarin mutum ɗaya ya dame su ba, ƙirga suke yi: cikin yara 100 da aka haifa a gidan talaka, nawa ne suka fita daga talaucin?

Ƙanwata ta ce ta taɓa jin an kira shi "motsin zamantakewa". Muka gwada wa Inna, tana tsince shinkafa a faifai. Ta ɗago ta ce, "Wa ya motsa, ya je ina?" Nan take na ajiye wannan. Kalmar da Inna ba ta gane ba, tsohuwar da ke Giwa ma ba za ta gane ba.

"Ci gaba" ta yi faɗi da yawa. Titi ci gaba ne, famfo ci gaba ne. Gari yana iya samun kwalta da wutar lantarki alhali ɗan talaka yana nan inda ubansa ya bar shi.

Sai kalmomin da suka fi kusa da zuciyarmu: ɗaukaka, buɗi, arziki, rabo. Ina son su, da su aka yi mana addu'a tun muna goye. Amma ku saurari yadda muke faɗinsu. "Allah ya yi masa buɗi." "Rabonsa ne ya tsaga." Gaskiya ne, kuma da an faɗi haka magana ta ƙare, babu mai sake tambaya. Ita kuwa kalmar da muke nema, aikinta buɗe tambaya: me ya sa buɗin ke yawan zuwa unguwa kaza, yana tsallake unguwa kaza? Wanda ya yi wannan tambaya bai musa ƙaddara ba. Likitan da ke ƙirga yaran da maleriya ke kashewa ya san ajali na Allah ne, duk da haka yana raba gidan sauro.

Washegari na shiga Birni wajen kawuna. Maɗinkin babbar riga ne, ubansa ma haka, kakansa ma haka. Na same shi a zaure ya ɗora gaban riga a gwiwa, yana cike aska takwas da zaren tsamiya, tabarau a kan karan hanci, wayar tabaran an ɗaure ta da zare. Na gaishe shi na zauna.

"Kawu, idan mutum ya bar sana'ar gidansu ya kama wata, me kuke ce masa a da?"

Bai ɗago ba. Ya ja allura ya ce, "Kai ɗan nan, ai sana'a iri biyu ce. Akwai karda, akwai shigege. Ni ɗinki karda ne a wurina, a cikinsa na buɗe ido. Wanda ya shigo da rana tsaka, shigege ne. Ku yanzu haye kuke cewa."

"To Kawu, yabo ne ko zagi?"

Ya ciji zaren ya tofar. "A da dai ba a ba ɗan haye rigar sarki ya ɗinka."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ashe Hausa ta daɗe da sanin abin, har ta raba shi gida biyu. M.G. Smith, masanin nan ɗan Jamaika da ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, waɗannan kalmomi biyu, karda da shigege, su ya ɗauka da ya zo bayanin yadda Hausawa ke jera darajar mutane, ya kuma nuna karda ce ke gaba a idon jama'a. Saboda haka na so ƙwarai mu ɗauki "haye". Tamu ce, gajera ce, kowa ya san ta. Abu biyu suka hana ni. Na farko, tana ɗauke da raini har gobe. Ka ce wa mawaƙi ko wanzami ɗan haye ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Na biyu, haye canjin sana'a ne kawai. Ɗan maƙeri da ya koma jima ya yi haye, amma cikinsa da aljihunsa suna nan yadda suke. Kuma babu wanda ke cewa mai karayar arziki ya yi haye.

Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar "hawan tsani". Hoton yana da kyau, sai dai hawa kaɗai yake nunawa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, saukar da na gani da idona ta fi hawan yawa: ma'aikacin da ya jingine motarsa ya rufe ta da tamfol, gidan da ake ɗora tukunya sau uku ya koma sau ɗaya. Kalmar da ba ta iya ɗaukar waɗannan mutane ba, rabin aiki ta yi.

Mu 'yan Zariya bai kamata a ce ba mu da sunan wannan abu ba, don a ƙofar gidanmu aka yi shi. Kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921 ta tare a Zariya a 1949, galibi 'ya'yan masu sarauta da muƙami ta fara ɗauka. Duk da haka ta cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarki ba ne, ya bi ya zama malamin makaranta, sannan Firayim Minista a 1957. Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, ɗan mai wa'azin coci, shi ma ta Barewa ya wuce. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, 'ya'yan manoma da yawa sun shiga da akwatin ƙarfe sun fito da aiki yana jiransu. Kowace unguwa a garin nan tana da irin wannan dattijo da ake nunawa yara.

Amma bari in ba ku labarin wanda muka yi benci ɗaya a firamare a Tudun Wada. Duk ajin babu mai kama shi a lissafi. Ni kaina allonsa nake leƙawa in gyara nawa. Mahaifinsa ya rasu muna aji 3 a ƙaramar sakandare, ya bar ƙanne biyar. Yau Keke Napep yake ja daga PZ zuwa Samaru, kuma keken ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum da daddare. Sau nawa a rana yake sauke ɗalibai a bakin babbar ƙofar jami'a ya juya? Ranar da na shiga kekensa, kafin in zaro kuɗi ya riga ya lissafa canjin mutum huɗu a ka. Babban ɗansa, mai shekara 12, yana wajen mai faci a Kwangila. Ni abin da ya raba ni da shi albashin mahaifina ne, ba ƙwaƙwalwa ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wannan adadi ya gaya mana yawan talakawa. Bai gaya mana nawa ne suka gaji talaucin ba, nawa ne kuma 'ya'yansu za su gada. Wannan ita ce tambayar da ba mu da sunanta.

Ga abin da na tsaya a kai, ku gyara mini in na kauce: sauyin matsayi. In sama aka yi, hawan matsayi. In ƙasa aka yi, saukar matsayi. Kishiyarsa kuma, inda ɗa ke tsayawa daidai inda uba ya tsaya, gadon matsayi. Wannan ta ƙarshe daga bakin Kawu na samo ta, karda ce aka faɗaɗa ta wuce sana'a. Na zaɓi "matsayi" a kan "daraja" da "muƙami" don daraja tana taɓa mutunci, talaka kuwa yana da nasa cikakke, muƙami kuma na ofis ne da fada.

Ku gwada su a baki. "A garin nan gadon matsayi ya fi sauyin matsayi yawa." "Makarantar gwamnati mai kyau ita ce babbar hanyar hawan matsayi ga ɗan talaka." Na karanta wa Inna jimla ta farko, ta ce, "Wato ɗan mai shi ke zama mai shi." Ta gane ba tare da an yi mata bayani ba.

Wata malama daga Samaru ta ja hankalina kan abin da na tsallake, kuma ta yi gaskiya. Ta ce duk misalaina uba da ɗa ne. Mace fa, matsayinta da na wa za a gwada, na ubanta ko na mijinta? Ta ce a unguwarsu akwai gidaje da yawa da ƙosai da ƙuli-ƙulin uwa ne suka kai yara jami'a, ba gonar uba ba. Kalmar dai ba ta hana a ƙirga wannan ba, takardar ƙanwata ce ta manta da shi. Daren jiya muka sake zama, ta ƙara layi biyu a ƙarƙashin tambayar sana'ar mahaifi: "Wace sana'a mahaifiyarki take yi a cikin gida?" da kuma "Wa ya biya miki kuɗin makaranta, in kin yi?" Ranar Asabar za ta fara shiga gidaje da su.