Me ya sa kada ya tsira, dainaso ya ƙare?

Malamin Aji Biyu: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, wata ɗaliba ta ɗaure ni da tambaya. Na ce musu shekaru miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a yankin Yukatan na Meziko, ya kawo ƙarshen dainaso, wato manyan dabbobin nan na zamanin da. Sai ta ce, "Malam, to kada fa? Ai shi ma yana nan a lokacin." Masana, a taimaka.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam, Malam. Yarinyar nan tana da kai. Faɗuwar dutsen ba ita ta kashe mafi yawansu ba, abin da ya biyo baya ne. Ƙura da toka da hayaƙin farar wuta suka turnuƙe sama suka tare rana, duniya ta yi duhu da sanyi, tsirrai suka mutu. Masu cin ganye suka faɗi, masu cin nama suka bi su. Shi kuwa kada yana cikin kogi, inda ƙananan halittu ke rayuwa da ruɓaɓɓen ganye da mushe, ga shi yana iya yin watanni bai ci komai ba. Babbar dabba mai neman abinci kullum ba ta da wannan gatan. Kuma ka gaya mata dainaso bai ƙare kaf ba: tsuntsaye jikokinsa ne, har kazar gidansu.

Bagobiri: Malam, ba sai ka kai su Meziko ba. A wancan zamanin teku ne ya rufe yankin Sakkwato. An tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa a ƙasar Goronyo, har aka raɗa masa suna Goronyosaurus. Danginsa duk sun tafi tare da dainaso, amma a duwatsun da suka biyo baya a yankin ana samun ƙasusuwan kadoji.

Hajiya Injiniya: Ni abin da ke damuna shi ne yadda ake ta maganar dutsen nan kamar shi ne mafi muni. Ƙarewar halittu da aka yi shekaru miliyan 252 da suka wuce ta fi shi nesa ba kusa ba. Aman wuta ne a yankin Sibiriya na Rasha ya daɗe yana tumbuɗi, iska ta cika da gurɓataccen hayaƙi, duniya ta ɗau zafi, ruwan teku ya yi tsami ya rasa iskar shaƙa. Kusan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka shuɗe. Filin da aka bari shi ne dainaso ya zo ya cika daga baya.

Malamin Aji Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Bagobiri, ko kana da hoton ƙashin nan na Goronyo? Yara sun fi yarda da abin da suka gani.