Taƙaitawa: inda aka fi janye maƙalolin kimiyya

Tambayar ita ce: a waɗanne ƙasashe aka fi janye maƙalolin kimiyya, wato mujalla ta soke maƙala bayan wallafa ta saboda kuskure ko maguɗi, kuma me ya sa? Ga abin da na tattara daga bayanan 'yan'uwa da suka tattauna batun:

1. Kowa ya yarda abin ya ƙaru. A 2023 kaɗai an janye maƙala sama da 10,000, fiye da 8,000 daga mujallun kamfanin wallafa na Hindawi.

2. Kada a kwatanta ƙasashe da tsurar adadi, a auna shi da yawan abin da kowace ƙasa ta wallafa. A ƙididdigar da mujallar Nature ta yi a 2023 kan ƙasashe masu yawan wallafa, Saudiyya ce kan gaba, kimanin 30 cikin kowace maƙala 10,000, tare da Pakistan, Rasha da Sin.

3. Kan dalili aka rabu. Wasu sun ɗora laifin kan ƙarin girma da ladan kuɗi da ake ɗaurawa a kan yawan wallafa, abin da ke raya kamfanonin sayar da maƙalolin bogi. Wasu suka ce yawan janyewa alamar tsananta bincike ce, kamar a Rasha a 2020, inda mujallu suka janye sama da 800. A ganina duka biyun na aiki.

4. Kafin ka kafa hujja da maƙala, duba rumbun Retraction Watch, wanda ke tattara jerin maƙalolin da aka janye, kyauta ne.